Bayan 1NT, kada ku nemi As da 4NT

'Yan'uwa masu buga karta ta bridge a Gombe, idan abokin wasanka ya buɗe kira da 1NT (NT: babu launin da ke cin sauran), wato manyan katinsa suna da maki 15 zuwa 17, 4NT ɗinka gayyata ce kawai zuwa silam, ba tambayar As ba: in yana da 17 ya je 6NT, in 15 ne ya tsaya. Ƙaramin silam, wato cin zagaye 12 cikin 13 kamar a 6NT, yana son maki 33 a tsakaninku.

In adadin As na abokinka kake son sani, kira 4♣, wato kiran da ake ce wa Gerber. Amsarsa: 4♦ babu ko huɗu, 4♥ ɗaya, 4♠ biyu, 4NT uku.

Jiya da daddare a Tudun Wada muka ruɗe a kan wannan, silam ya kuɓuce mana. Wallahi ya min zafi.

Amma in akwai launin da ba ka da ko kati ɗaya a cikinsa, bar Gerber, don ba zai gaya maka wane As ne abokinka ke da shi ba. Kuma ku daidaita da abokinka kafin a raba kati.