DVD ɗinka ba ta mutu ba, fim ɗin ne ba ta iya taunawa

A satin nan kaɗai mutum uku suka yi mini sallama a shago, kowanne da DVD a hammata, kowanne da magana ɗaya: "Malam, ta daina aiki." Na jona ta, na zura faifai, ta kama aiki ras. Sai na ce a miƙo mini filashin da ke aljihu, a nan ciwon yake. Bakina ya gaji da maimaita bayani ɗaya, shi ya sa na zauna na rubuta shi.

Kuskuren da ya fi kowanne yawa shi ne yarda da rubutun jikin kwali. Mutum ya je Sabon Gari ya ga an rubuta MP4 ko MPEG-4 da manyan baƙaƙe, ya biya kuɗi, ya dawo gida da tunanin duk bidiyon da ke wayarsa zai hau. Ba zai hau ba. Ni ma sai da na sha kunya kafin na gane haka.

Lokacin ina ɗaukar bidiyon biki. Na gama haɗa wani aiki na kamu da wuni, ya fito tas a kwamfuta, na zuba a filashi na kai gidan amarya a Gwammaja da kaina, ina jiran a yaba. Falo cike da mata, an shimfiɗa tabarmi har bakin ƙofa, yara sun yi jugum a gaban talabijin. Na soka filashi, na danna rimot. Kiɗa ya tashi, guɗa na fita rangaɗau, allo kuwa baƙi ƙirin. Na cire na mayar. Na kashe na kunna. Gumi ya fara bin bayana duk da fankar da ke kaina. Can sai gwaggon amarya ta gyara mayafi ta ce, "Ɗan nan, rediyo muka ce ka yi mana?" Aka bushe da dariya. Cikon kuɗina sai da ya yi wata biyu kafin ya fito, kuma bikin ƙanwar amaryar wani aka kira.

Ga abin da ban sani ba a ranar. Sunan da kake gani a ƙarshen fim, MP4 ko AVI ko MKV, kula ce kawai. Kula ɗaya ana iya zuba mata tuwo, ana iya zuba mata ɗanyen rogo. Na'ura sai ta iya buɗe kular, sannan ta iya tauna abin da ke ciki. MPEG-4 ɗin da yawancin DVD na gida ke nufi shi ne tsohon tsarin nan na DivX da Xvid, wanda aka fi zubawa a AVI. Wayar hannu kuwa da H.264 take ɗauka, wasu sababbi ma da H.265, haka ma galibin abin da ake saukewa daga intanet ko a karɓa wajen masu turi. H.264 ɗin shi ma ɗan gidan MPEG-4 ne a suna, a nan rikicin ya samo asali, amma ƙwaƙwalwar tsohuwar DVD ba ta san shi ba. In ka ji murya babu hoto, tsarin hoton ne ya fi ƙarfinta. In ka ga hoto babu murya, sautin ne, galibi AAC ko DTS, alhali ita MP3 da AC3 ta saba da su.

Sai girman hoto, wanda shi ma ya shiga cikin abin da ya kayar da ni. An ƙera DVD ne don hoton da bai wuce ɗigo 720 a kwance da 576 a tsaye ba, a tsarin PAL da muke amfani da shi a Najeriya. Ko fim ɗinka Xvid ne tsantsa, in faɗinsa 1280 ne ko 1920, za ta ƙi shi. Kada 1080p ɗin da aka rubuta kusa da ramin HDMI ya ruɗe ka. Abin da hakan ke nufi shi ne tana kumbura ƙaramin hoton faifai ya cika babban allo, ba wai tana karanta fim mai wannan girman ba.

Abin da nake yi tun daga ranar Gwammaja: duk bidiyon da zai je kan DVD sai na juya shi a kwamfuta zuwa AVI, hoto Xvid, faɗi 720 tsawo 400, hotuna 25 a daƙiƙa, sauti MP3. Manhajar Format Factory nake amfani da ita wajen juyawar, don na saba da ita, ba don ta fi sauran ba. Masu son manhajar HandBrake su sani ta daɗe da daina fitar da AVI. In ka ga Qpel da GMC a cikin saitin Xvid, kashe su, na'urori da yawa suna sarƙewa a kansu. Wasu abokan sana'a na cewa ina ɓata kyan hoto. Gaskiya ne, yana raguwa. Amma hoton da ya ragu ana ganinsa, ni kuwa na taɓa tsayawa gaban baƙin allo mata hamsin na kallona. Ina da wata tsohuwar DVD a ƙarƙashin tebur, ƙofarta ma sai an taimaka mata da yatsa take fitowa. Duk aikin da bai hau kanta ba, ba ya barin shagon.

Ku kuma masu goge MP4 a ƙarshen suna ku rubuta AVI da hannu, ku ce kun juya fim, don Allah ku daina. Ka canza wa kula murfi ne, rogon na nan ɗanye. Wani yaro ya yi mini gardama a kan wannan har da rantsuwa, wai a wayarsa ya yi aiki. Wayarka ai ko ba suna za ta karanta shi.

Na biyu da ya ci ni, filashi ne. Kowane filashi da tsarin da yake jera abin da aka zuba masa, yawancin DVD kuma tsarin FAT32 kaɗai suke ganewa. Filashin da ya haura giga 32 galibi da exFAT yake zuwa daga kamfani, wani kuma an taɓa mayar da shi NTFS a kwamfuta. Ka soka, na'ura ta yi shiru kamar ba a saka komai ba. Maganin shi ne a yi masa fomat zuwa FAT32, to amma fomat shara ce, ba ta barin komai. Wani dattijo ya kawo mini filashi ɗauke da walimar saukar Alƙur'anin jikarsa, ya ce ya ƙi hawa. Ina cikin hira da wani, na ga NTFS ne, hannuna ya riga hankalina, na danna. Na ɗauka akwai kwafi a wajen wanda ya ɗauka. Babu, ya goge nasa tuni. Kwana biyu na yi ina tono da manhajar dawo da abin da aka goge, abin da ya fito guntaye ne, wajen da yarinyar ke karatu a gaban malaminta bai dawo ba. Dattijon bai yi mini faɗa ba. "Ba komai, Malam, haka Allah Ya so," ya ce, ya saka filashin a aljihun rigarsa. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Yanzu ko filashin wa aka kawo, ko an rantse mini babu komai a ciki, sai na kwashe shi kaf zuwa kwamfuta tukuna.

FAT32 kuma ba ya karɓar fim ɗaya da ya wuce giga 4, ko da filashin fanko ne. Ni ba na bari ma ya kai giga 2, don na ga tsofaffin na'urori suna tsayawa cak a tsakiyar AVI mai nauyi. Biki mai tsawo raba shi nake gida biyu. Filashi mai giga 8 ko 16 ya ishe ka. Irin masu arhar nan da aka rubuta wa giga 64 a farashin ƙosai, da yawa na bogi ne, za su nuna sun karɓi fim, a zo kunnawa a tarar da wofi. Babban hadis na waje kuma ramin filashi na DVD ba shi da wutar da za ta juya shi, sai ka ji yana ƙas-ƙas.

Faifai ma ana tafka nasa. Jefa fim a faifai kamar yadda ake jefawa a filashi bai mayar da shi faifan DVD ba. Na gaske yana da jakar VIDEO_TS, shi ne ke hawa kowace na'ura, kuma manhajar haɗa faifai ce ke yinsa. A rufe faifan a cikin manhajar bayan an gama ƙonawa, wato zuba masa fim ɗin, in ba haka ba DVD ba za ta gan shi ba. Giga 4.7 yake ɗauka. Ni a hankali nake ƙonawa, ba na bin gudun da aka rubuta a jikinsa.

In hoto ya fito fari da baƙi ko yana birgima, shiga saiti ka mayar da shi PAL, wani ya taɓa shi ya koma NTSC na Amurka. Ko kuma ka duba baya, wataƙila ka soka igiyar hoto mai ruwan ɗorawa a koren rami. Kamfanonin fim kuma sun kasa duniya yanki-yanki, suna kulle faifai a kan yankinsa: faifan asali da aka yo tsarabarsa daga Saudiyya ko Ingila na yanki na 2 ne, na Amurka yanki na 1, mu muna na 5 tare da Indiya. Na'urar babban kamfani na iya ƙin sa, 'yan Chainan nan kuwa yawanci ba ruwansu. Ta hannu da aka shigo da ita daga Amurka, karanta bayanta kafin ka jona: in 120V kaɗai aka rubuta, wutarmu ta 230 za ta soya ta nan take.

Sai ƙurar hunturu. Ita ce ke kwanciya a idon na'ura har ta riƙa cewa babu faifai alhali yana ciki. Yanki ɗan ƙyalle ka riƙa rufe ta. Faifai kuma ba da yawu da gefen riga ake goge shi ba, kuma ba a zagaye ba. Ƙyalle mai laushi, daga tsakiya zuwa baki.