Darasi na 9: Kuɗin da ka zuba a mani-maket, wa aka ba bashinsu?

Yanzu kusan duk mai babbar waya ya taɓa cin karo da tallan nan, ko a manhajar bankinsa ko a Facebook, wai ka zuba dubu biyar a asusun mani-maket kullum kana ganin ƙari yana shigowa. Da yawa cikin masu zuwa ajin yamma, mata masu sana'ar gida da masu shaguna da 'yan fansho, sun riga sun zuba, amma in ka tambaye su ina kuɗin suke sai ka ji an ce "ai suna cikin waya". To ba a cikin waya suke ba, bashi aka bayar da su. Darasin yau kenan: wa aka ba, zuwa yaushe zai biya, kuma in bai biya ba wa zai ɗau asarar.

Yadda abin yake

Kamfani ne mai lasisi daga SEC, wato hukumar da ke sa ido kan kasuwar hannun jari da zuba jari a Najeriya, yake buɗe asusu ɗaya babba, mutane dubbai kowa ya zuba abin da ya samu, wasu asusun suna karɓa daga naira dubu ɗaya wasu dubu biyar. Kuɗin kuma ba a aljihun kamfanin suke zama ba, doka ta sa dole a samu wani banki daban mai ajiye dukiyar, da wani kamfanin amintattu da ke tsaya wa masu kuɗin. Shi manajan asusun aikinsa ya nemo inda zai ba da rance na ɗan lokaci, ya karɓo da ƙari, ya cire ladansa da kuɗin hidima, ragowar a raba wa masu jari, yawanci duk bayan wata uku. Stanbic IBTC da ARM da United Capital duk suna da irin wannan asusun, ba talla muke musu ba, don dai ka gane sunan in ka gani.

Mai cin bashi na farko: gwamnatin tarayya

Ita ce babbar kwastoma. Takardar bashinta ta gajeren zango ita ce 'yan banki ke kira tireshari bil, Babban Bankin Najeriya CBN ne ke gwanjonta a madadin gwamnati, yawanci ranar Laraba duk bayan mako biyu, kuma wa'adinta iri uku ne: kwana 91, kwana 182, kwana 364. Daga 2017 mafi ƙarancin abin da za ka shiga gwanjon da shi kai tsaye ya haura naira miliyan 50, kaga kenan ƙaramin mutum ba shi da shiga sai ta hannun banki ko irin wannan asusun.

Nan sai a natsu, don nan ne mutane ke ruɗewa. Wannan takarda ba a biyan ƙarinta a ƙarshe kamar yadda ka saba ji, tun farko ake sayar maka da ita da rangwame. A ɗauko alli. Mu ce takarda ce ta naira 100,000 ta shekara guda, an ce rangwamenta kashi 18 cikin ɗari, misali ne kawai ba farashin yau ba. Kashi 18 na 100,000 shi ne 18,000. To kai 82,000 za ka biya yau, ranar da wa'adi ya cika gwamnati ta ba ka 100,000 cif. Abin da ka samu 18,000 ne, amma fa a kan 82,000 ka same shi ba a kan 100,000 ba, in ka raba 18,000 da 82,000 za ka ga ya kusa kashi 22 cikin ɗari. Shi ya sa za ka ji jarida ta ce 18 wani kuma ya ce 22, alhali takarda ɗaya suke magana a kai, babu wanda ya yi ƙarya.

Bashin gwamnati a naira shi ake ɗauka mafi aminci a ƙasar, tunda ita ke karɓar haraji. Ƙa'idar SEC ma ta ce aƙalla kashi 25 cikin ɗari na asusun mani-maket ya kasance a takardun gwamnatin tarayya ne.

Na biyu: manyan kamfanoni

Kamfanin siminti ko na fulawa ko na waya, komai girmansa, wani lokacin yana bukatar kuɗi na 'yan watanni, zai sayi kayan aiki ko ya biya masu kawo masa kaya kafin nasa kuɗin su shigo, kuma in ya je banki ruwan zai yi masa yawa. Sai ya fitar da takardar alkawari, ku ba ni kaza zan biya ranar kaza. Wa'adinta ba ya wuce shekara guda, yawanci ana yi mata rajista a kasuwar takardun bashi ta FMDQ da ke Legas, kuma Dangote Cement da MTN Nigeria da Flour Mills duk sun sha fitar da irinta. Tana ba da ƙari fiye da ta gwamnati, dalili kuwa a fili yake, babu jingina, ba gida ba fili ba mota, sunan kamfanin ne kawai da tarihinsa na biyan bashi. Shi ya sa ake da kamfanonin auna ƙarfin mai cin bashi irin su Agusto da GCR da DataPro, su duba littattafan kamfani su ba shi maki da haruffa, mai A ya fi mai B. A ganina wannan ɓangaren ne ya fi cancanta mutum ya zuba wa ido, don duk lokacin da ka ga wani asusu ribarsa ta zarce ta sauran nesa ba kusa ba, yawanci ko a nan ne ko a wajen ƙananan bankuna manajan ya ƙara nauyi.

Na uku: bankuna

Wannan ba sai an daɗe ba. Fikis difozit ne, wato ajiye kuɗi a banki zuwa wani ƙayyadadden lokaci a ba ka ƙari, sai dai shi asusun da biliyoyi yake zuwa, don haka yana iya yin ciniki ya samu ruwan da kai mai dubu hamsin ba za a ba ka ba. A ajiye na wata ɗaya ko biyu ko uku, a karɓo, a sake ajiyewa.

Me ya sa sai gajeren zango?

Duk wanda ya taɓa ba da bashi ya san wanda ya ce zai biya ran kasuwa mai zuwa ba ɗaya yake da wanda ya ce sai kaka ba, kafin kaka ana iya yin fari, ana iya yin ambaliya, shi kansa yana iya barin gari. To haka abin yake a nan. Kuma akwai dalili na biyu, ku masu kuɗin an yi muku alkawarin kuna iya cirewa cikin 'yan kwanaki, to in manaja ya ɗaure komai na shekara biyar da me zai biya Hajiya in ta zo neman kuɗinta za ta aurar da 'ya? Don haka ba a sayen takardar da ta wuce shekara, sannan in aka haɗa duka bashin aka fitar da matsakaicin kwanakin da suka rage, kada ya haura kwana 90.

Ga yadda ake lissafin. Asusu yana da naira miliyan 100. Miliyan 50 saura kwana 30 a biya, miliyan 30 saura kwana 90, miliyan 20 saura kwana 240. Rabin kuɗi ne a kwana 30, rabin 30 shi ne 15. Kashi 30 cikin ɗari na kwana 90 shi ne 27. Kashi 20 cikin ɗari na kwana 240 shi ne 48. Haɗa 15 da 27 da 48, ya ba ka 90. Wannan asusun yana bakin iyaka kenan, in manajan ya ƙara sayen doguwar takarda ya tsallake ƙa'ida.

Ana iya asara kuwa?

Ana iya yi, ko da yake ba kasafai ba. A Amurka aka fara wannan tsari a farkon shekarun 1970, kuma a can ne aka ga babban darasinsa. Wani asusu mai suna Reserve Primary Fund, mai dukiya sama da dala biliyan 60, yana riƙe da takardun bashin bankin Lehman Brothers na dala miliyan 785. Ranar 15 ga Satumba 2008 Lehman ya durƙushe, washegari darajar dala ɗaya a asusun ta koma santi 97. Ka duba fa, bashin Lehman ɗin bai kai kashi 2 cikin ɗari na dukiyar ba, amma da labari ya fita kowa ya ruga zai cire nasa a lokaci guda, aka rufe ƙofa, mutane suka daɗe suna jira kafin a biya su kusan duka kuɗinsu, har sai da gwamnatin Amurka ta fito ta tsaya wa sauran asusun na ɗan lokaci kafin hankali ya kwanta.

Mu dawo gida. Kuɗin da ke akawun ɗinka na banki NDIC, wato hukumar gwamnati mai biyan masu ajiya in banki ya durƙushe, ta yi musu inshora, a 2024 ta ɗaga zuwa naira miliyan 5 ga kowane mai ajiya a bankunan kasuwanci, kuma da aka soke lasisin bankin Heritage a watan Yunin shekarar da wannan aka biya masu ajiya. Jarinka na mani-maket ba ya ƙarƙashin wannan inshorar ko da ta manhajar banki ka saya. A riƙe wannan da kyau, don mai talla ba zai fara da shi ba.

Sai kuma ƙarin kansa, ba tsayayye ba ne. A ƙarshen 2020 ruwan tireshari bil ya faɗi ƙasa da kashi 1 cikin ɗari, masu mani-maket suka riƙa ganin abin da ko kuɗin kati bai kai ba. A 2024 kuma na kwana 364 ya haura kashi 20, kowa ya ce an samu hanya, amma a watan Disambar shekarar hauhawar farashi ta kai kashi 34.8, wato lambar da ke wayarka tana ƙaruwa amma buhun shinkafar da za ta saya yana raguwa. Mani-maket ya fi dai barin kuɗi a ƙarƙashin katifa, amma ba hanyar yin arziki ba ce, wurin ajiyar kuɗin haya ne ko na makarantar yara ko jarin da kake jiran lokacinsa. Duk wanda ya ce maka zai ninka kuɗinka a wata guda kuma ya kira abin mani-maket, ka tuna MMM, tsarin damfarar nan da ya cinye kuɗin mutane a 2016, ka shiga shafin SEC ka duba ko sunansa na cikin masu rajista.

Maganar riba

Ba za mu tsallake wannan ba tunda mafi yawan 'yan ajin nan musulmi ne. Duk abin da muka lissafa a sama rance ne da aka sharɗanta ƙari a kansa, kuɗin ruwa kenan, kuma malamai sun yi bayani a kai, mu nan ba fatawa muke bayarwa ba, amma ba daidai ba ne mutum ya shiga yana zaton kasuwanci ake yi da kuɗinsa alhali bashi ake bayarwa. Wanda yake son kauce wa ruwa akwai asusun da aka gina kan tsarin Musulunci, irin na Lotus Capital, da bankuna irin su Jaiz da TAJ. Su maimakon rance sai su sayi kaya su sayar da riba sananniya a biya daga baya, wato murabaha, ko su ba da haya, ko su sayi sukuk, wato takardar zuba jari ta tsarin Musulunci, irin wanda gwamnatin tarayya ta fara fitarwa a 2017 na naira biliyan 100 don aikin tituna. Sai dai shi wancan sukuk ɗin na shekara 7 ne, ba gajeren zango ba ne, don haka ka tambaya kwana nawa ake ɗauka kafin kuɗinka su fito, ka kuma tambayi su waye malaman da ke duba harkar asusun.

Aikin gida

Asusun kirki yana fitar da takardar bayani lokaci-lokaci, yawanci duk wata, shafi ɗaya ko biyu, tana shafinsu na intanet. In karatun Turancin zai yi maka nauyi ka sa ɗanka ko ɗan ajinku ya taya ka. Ka samo ta asusu guda ɗaya ka rubuto a littafinka: kashi nawa ke hannun gwamnati, nawa ke hannun kamfanoni, nawa ke bankuna, wane maki aka ba asusun kuma wa ya ba shi, nawa manaja ke cira a shekara, sannan in ka cire kuɗinka kafin kwanakin da suka ƙayyade, wasu kwana 30 ne wasu sun fi haka, me za a yanke maka.

Sai lissafi biyu. Na ɗaya, takardar gwamnati ta naira 200,000 ta shekara guda, rangwame kashi 15 cikin ɗari, nawa za ka biya yau, kuma abin da ka samu kashi nawa ne na kuɗin da ka biya? Na biyu, asusu yana da miliyan 60 saura kwana 40, da miliyan 40 saura kwana 180, ya tsallake iyakar kwana 90 ko bai tsallake ba? A rubuto yadda aka bi aka samu amsar, ba amsar kaɗai ba, za mu duba tare a allo mako mai zuwa in Allah ya kai mu.