Yadda za ka koyar da simulashin ba tare da ka rikita ɗalibai ba

Malam, idan aka ba ka kwas ɗin simulashin, wato kwaikwayon abu na zahiri cikin kwamfuta, don Allah kada ka fara da kodin. Fara da layi, layin ATM ko na gidan mai, wanga abu kowa ya san shi a Sakkwato.

Makon farko tura su da agogon waya da biro, su yi awa guda suna rubuta lokacin da kowane mutum ya zo da mintin da ya ɗauka kafin a sallame shi, amma su fita da sassafe, ranar Afrilu a garin nan ba ta wasa. In sun dawo aji ka raba su gungu-gungu ka ba su dayis ɗin ludo, jifa ɗaya shi ne tazarar mintoci tsakanin masu zuwa, jifa na biyu shi ne mintin sallama, su yi mutum 20 a takarda. Kowane gungu zai fito da amsa daban kuma za su fara gardamar wa ya yi kuskure, alhali ba wanda ya yi, to a nan ne za ka nuna musu dalilin da ya sa gwaji ɗaya ba ya isa sai an maimaita sau ɗaruruwa an ɗauki matsakaici. Wannan ita ce hanyar Monte Carlo da masana lissafi Ulam da von Neumann suka ɓullo da ita a shekarun 1940 a Amurka. Sunan na gidan caca ne a Monako, mu sunan kawai muka ara.

Sai Excel. RANDBETWEEN, umarnin da ke fitar da lamba a kan sa'a, ya maye gurbin dayis, su danna F9 su ga lambobi suna canzawa. Tambaye su, in aka ƙara ATM na biyu jira zai ragu da minti nawa?

Bayan nan ne ake shiga manhajojin simulashin, SimPy na Python ko NetLogo. Ni na fi son NetLogo ga masu farawa, kyauta ne kuma in an sauke shi ba ya buƙatar data.

Wajen furojet ka ba su abin gida, kamar hawa da saukar ruwan dam ɗin Goronyo, ko yaɗuwar sanƙarau lokacin zafi da samfurin SIR na 1927, lissafin da ke raba jama'a zuwa masu iya kamuwa, masu cutar da waɗanda suka warke. Wajen maki kuwa, duk wanda bai gwada sakamakonsa da lambobin da aka tattaro a fili ba ka rage mishi, ko da hoton simulashin ɗinsa ya fi na kowa kyau.