Gyara ruwan sha a gida lokacin damina

A Damagaram, mai garuwa ke kawo wa gidaje da yawa ruwa. Kwalara da taifot kuwa ta ruwan da kashi ya gurɓata suke shiga ciki.

Da farko ki bar ruwan ya kwanta, ki tace da tsabtataccen ƙyalle.

Sai ki ɗora a wuta. Ɗumi bai isa ba. Ya tafasa sosai, ya yi minti 1 yana ɓararraka. In icce ya yi tsada, a sa Aquatabs, wato ƙwayar maganin tsabtace ruwan sha, gwargwadon yadda aka rubuta a takardarsa, a jira minti 30.

Zuba shi a jarka mai murfi. Nan ake yawan kuskure: yaro ya tsoma moda da hannunsa cikin randa, aikin ya lalace. Tsiyayawa za a yi.