Ƙugiya da maɓallin haƙoran roba: kurakuran da aka fi yi da yadda ake gyara su

Mai haƙoran roba idan ya dawo wurin likitan haƙori, kusan kullum magana ɗaya ce a bakinsa: "Likita, sun saki, a ɗan matse mini su." Sau da yawa ɓarnar da ake gani a bakunan mutane a nan Maradi daga wannan matsewar take farawa. Ƙugiyar ƙarfen da ke rungume haƙori, da maɓallin da ke kama dashen ƙarfe a ƙashi, aikinsu su hana farantin da ke ɗauke da haƙoran roba tashi lokacin magana ko idan abinci mai danƙo ya ja shi. Nauyin tauna kuwa yana kan dasashi da ƴan matokaran ƙarfe da ke zaune a saman haƙora. Duk lokacin da aka ɗora wa ƙugiya nauyin da ba nata ba, ko ta karye, ko ta tafi da haƙorin da take riƙe.

Matse ƙugiya ba a nemi dalilin sakinta ba

Bayan an cire haƙori, ƙashin wurin yana janyewa, da sauri a watanni 3 zuwa 6 na farko, sannan ya ci gaba a hankali har ƙarshen rayuwa. Farantin da ya zauna daram a bara, bana akwai rata a ƙarƙashinsa. Kowace tauna sai ya lotsa ya ɗago, ƙugiya ta buɗe ta rufe, har ƙarfen ya gaji ya daina komawa yadda yake. Idan aka matse ta a haka, bayan ƴan makonni za ta sake saki, domin ratar tana nan.

Gwajin ba shi da wuya. A danna ƙarshen farantin na baya da yatsa, ana kallon gaba. Idan matokari ya ɗaga daga mazauninsa ko gaban farantin ya tashi, gyaran shi ne a sake awon dasashi da farantin kansa, a cike cikinsa da sabuwar roba. Sai ya zauna ba ya motsi sannan a duba ƙugiya, kuma sau da yawa ba ta ma buƙatar a taɓa ta.

Idan ya zama dole a taɓa ta, a tuna ƙugiya mai kyau ba ta matsa haƙori idan faranti yana zaune. Sai an ja shi take kamawa. Wadda ke turawa dare da rana tana kawar da haƙori daga wurinsa. Ƙugiyar waya tana jure lanƙwasa kaɗan-kaɗan da filaya mai santsin baki, a kashi ɗaya cikin uku na ƙarshenta. Ta zubi, wadda aka yi da gamin ƙarfen kobal-kurom, ba ta da wannan haƙuri: an lanƙwasa ta ciki an dawo da ita waje, ta tsage. Filayar gida mai haƙora kuma tana barin tabo a jikin ƙarfe, kuma nan za ta karye. Kada a kai wa maƙeri ko mai gyaran agogo, komai gwanintarsa.

Awon ido a ɗakin haɗa haƙora

Kowane haƙori yana da ciki, wato wurin da ya fi faɗi, ƙasa da shi kuma yana tsukewa zuwa dasashi. Bakin ƙugiya a wannan tsukin yake shiga ya kama. Zurfin da za ta shiga ya dogara da ƙarfen: kobal-kurom milimita 0.25, wayar da aka lanƙwasa 0.5 zuwa 0.75. Ido ba ya ganin bambancin rubu'in milimita, shi ya sa ake ɗora filastar baki, wato siffar bakin da aka zuba da filasta, a kan na'urar zana layin ciki, a auna kafin a taɓa waya. Wanda ya sa ƙugiyar zubi a zurfin 0.5 ya haɗa abin da zai shiga da kyar, ya buɗe cikin wata ɗaya ko ya karye.

Tsawo ma yana da nasa hukunci. Hannun ƙugiyar kobal-kurom yana son kusan milimita 15 kafin ya sami laushin da zai tsallake ciki ya dawo. Turmi yana ba da wannan tsawon, amma ƙananan haƙoran da ke tsakanin fiƙa da turame ba su kai ba. A kansu an fi samun nasara da waya mai kaurin milimita 0.7 zuwa 0.9, ko hannun da ke tasowa ta wajen dasashi idan lungun kumatu ya kai zurfin milimita 4. Kashi na ƙarshen hannun kaɗai ne zai sauka ƙasa da layin ciki, kuma a bar aƙalla milimita 1 tsakaninsa da gefen dasashi.

Kuskure biyu sun fi waɗannan tsada. Na farko, ƙugiya ta gefe ɗaya ba abin da ke tare haƙorin ta ɗaya gefen, sai kowace sawa da cirewa ta zama turi. Dole ƙugiya da abin da ke fuskantarta su kewaye fiye da rabin haƙori. Na biyu, rashin matokari. Farantin da ba shi da matokari yana nutsewa, ƙugiya ta bi shi ƙasa tana saɓule dasashi daga wuyan haƙori. Matokari yana son likita ya sassaƙa masa mazauni mai siffar cokali, zurfin milimita 1 zuwa 1.5, idan an ɗora shi haka kawai, haƙorin da ke fuskantarsa zai yi ta dukansa har ya ɓalle.

Inda babu haƙori ko ɗaya a bayan gurbin, a yi hattara sosai. Ƙarshen farantin yana kan nama mai lotsawa, idan kuma aka ɗaure haƙorin ƙarshe da ƙugiya mai tauri da matokari a gefensa na baya, kowace loma tana jijjiga shi kamar yadda akuya ke jijjiga turke har ya tumɓuke. A mayar da matokarin gefen gaba, a yi amfani da waya mai laushi, a faɗaɗa farantin ya rufe duk inda zai iya rufewa.

Haƙorin da za a rataya wa ƙugiya kuma sai an ɗauki hotonsa, an kankare dattin da ya daskare, an cike rami idan akwai. Mai girgiɗi ba ya ɗaukar ƙugiya.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne haƙorin roba da masu sa haƙori a kasuwa ke liƙawa a jikin na kusa da ɗanyar roba ko su ɗaure da waya, ya zama ba ya cirewa. Abinci yana taruwa a ƙasa, dasashi ya kumbura, baki ya yi wari, ƙashi ya zaizaye, a ƙarshe gurbi ɗaya ya zama uku. Wanda ke da irin wannan ya je asibiti a yanke robar a hankali, kada ya fizge. Haka ɗan ƙaramin faranti mai haƙori ɗaya wanda ba shi da riƙo: ana haɗiye shi, musamman cikin barci.

Maɓalli a kan dashen ƙarfe

Tun 2002 masana da suka hallara a Jami'ar McGill ta Kanada suka amince cewa ga wanda ba shi da haƙori ko ɗaya a ƙasa, dashe biyu da faranti mai maɓalli shi ne abin da ya kamata a fara dubawa. Samfurin Locator na daga cikin waɗanda aka fi sani: kan ƙarfe da aka ɗaure a dashe, ƙoƙon ƙarfe a cikin faranti, da ƴar robar nailan a cikin ƙoƙon, wadda ita ce ke kamawa kuma ita ce ke cinyewa.

Launin robar yana nuna ƙarfinta. Shuɗiya tana riƙe kusan gram 700, ruwan hoda kusan kilo 1.4, mai garai-garai kusan kilo 2.3. Kuskure ne a fara da mafi ƙarfi, musamman ga dattijon da yatsunsa ba su da ƙarfi. A fara da shuɗiya. Waɗannan ukun suna aiki idan karkatar da ke tsakanin dashe biyu ba ta wuce digiri 20 ba. Idan ta wuce, har zuwa 40, akwai wani rukuni, kore, ruwan lemu, ja da ruwan toka, wanda ba shi da tsinin tsakiya. Robar da ke lalacewa cikin makonni, yawanci karkata ce ba a auna ba. Baƙar roba kuwa ta aikin haɗawa ce, ana cire ta kafin a sallami mutum.

Wajen kafa ƙoƙon a baki, a sa farin zoben da ke toshe ƙasan maɓalli. Idan an manta, ɗanyar roba ta gangara ta daskare a ƙasa, farantin ya kulle a baki sai an huda shi. A bar aƙalla milimita 2 na roba kewaye da ƙoƙo, in ba haka ba nan farantin zai tsage. Kan maɓalli kuma da makulli mai awo ake ɗaure shi bisa ƙarfin da kamfanin ya rubuta, sau da yawa wajen 30 Ncm (ma'aunin ƙarfin ɗauri).

Ga mutumin Maradi akwai ƙarin magana. Da yawa a Yamai, Kano ko ƙasar waje ake yi musu dashe, su dawo ba su san sunan kamfanin ba. Robar wani kamfani ba lalle ta shiga ƙoƙon wani ba, makulli ma haka. Kafin a taso, a karɓi takarda mai sunan dashen da girmansa, a sayi robobi na ajiya da ɗan ƙarfen canza su, domin ana canzawa duk wata 6 zuwa shekara. Wanda ba zai iya samun waɗannan ba, idan yana da sauran haƙora, ƙugiyar da aka yi bisa ƙa'ida ta fi masa alheri.

A hannun mai su

Cije haƙoran don su zauna yana murɗe ƙugiya, yana tauye robar maɓalli. Da yatsu ake zaunar da su, gefe biyu lokaci ɗaya, haka ma cirewa. Ƙugiyar waya ba a jan ta da farce, gefen farantin ake kamawa. Ruwan Javel yana cin ƙarfe, tafasasshen ruwa yana murguɗa roba, gawayi da toka suna kankare ta. Buroshi mai laushi da sabulu sun isa, a wanke a kan kwano mai ruwa don ko sun suɓuce. Da dare a cire a sa cikin ruwa mai sanyi. Naɗe su a hankici, balle lokacin hunturu, yana busar da su.

Busasshiyar aya, rake da ƙashin tsire ba na haƙoran roba ba ne, kilishi kuma a yayyaga shi ƙanana. Tukar goro tana cika ramin maɓalli, farantin ya ƙi zama, mutum ya ɗauka lalacewa ya yi, alhali tsinken sakace zai fitar da ita. Haƙorin da ke ƙarƙashin ƙugiya shi ya fi saurin ruɓewa, balle ga mai yawan shan shayi da sukari, don haka a goge shi da man goge baki mai fuloraid safe da dare, bayan an cire farantin. Idan wani abu ya karye, kada a liƙa da gam, a tattara gutsattsarin a kai wa likita. A je dubawa duk wata 6, mai ciwon sukari ma ya fi haka yawaita. Gyambon da ya yi mako biyu a ƙarƙashin faranti bai warke ba, a kai shi asibiti ba tare da jiran ranar dubawa ba.