Kurakuran da aka fi yi wajen haɗa taswirar jihohi da ƙananan hukumomin Najeriya

Matsalar da ta fi ɓata aikin masu haɗa kundin taswira ita ce dogaro da suna kaɗai wajen haɗa bayanai. Najeriya tana da jihohi 36 da Babban Birnin Tarayya, da ƙananan hukumomi 774 idan an lissafa guda 6 na Abuja. Amma sunayen ba su kai 774 ba, domin wasu sun maimaitu: akwai Nasarawa a Kano da jihar Nasarawa, Bassa a Filato da Kogi, Obi a Binuwai da Nasarawa, Surulere a Legas da Oyo, sai Ifelodun da Irepodun da ke Kwara da Osun. In ka ce wa kwamfuta ta haɗa jadawalin ƙidaya da taswira bisa suna, tsaf za ta ɗauki yawan mutanen Nasarawar Kano ta ɗora wa ta jihar Nasarawa wadda ke kusa da Keffi, kuma ba za ta yi maka gargaɗi ba. Maganin shi ne kowace ƙaramar hukuma ta samu lamba tata wadda ta fara da alamar jiha, kamar NG-KN ta Kano ko NG-KT ta Katsina, a riƙa haɗawa da lambar. Bayan an haɗa a ƙirga: Kano 44, Katsina 34, Jigawa 27, Zamfara 14. In lissafin ya gaza ko ya zarce, a koma baya.

Sai rubutun sunan kansa. Wuri ɗaya yakan zo da fuska uku, Dambatta da Danbatta da Ɗambatta, ko Hadejia da Haɗeja. Wasu sukan zaɓi wanda ya kwanta musu su goge sauran, daga baya mai neman Sokoto ya rasa ta saboda an rubuta Sakkwato. A buɗe wa kowane wuri gurbi uku a jadawalin bayanai: sunan hukuma kamar yadda ya zo a jadawali na farko na kundin tsarin mulkin 1999, sunan da rubutun Hausa na ƙa'ida, da sauran sunayen da aka san wurin da su. Wannan ya fi zama dole a bakin iyakar Nijar, inda takarda ke cewa Zinder da Tahoua, mutanen gari kuwa Damagaram da Tawa suka sani. Haruffa masu lanƙwasa su ma suna da nasu rikicin: a ajiye fayil da tsarin UTF-8, wato tsarin adana rubutu a kwamfuta da ke ɗaukar waɗannan haruffa, in ba haka ba Ƙanƙara da Ƙaura Namoda su fito da alamar tambaya a madadin ƙ. A cikin nau'o'in fayil ɗin taswira, tsohon tsarin shapefile ya fi yin wannan ɓarna, GeoPackage ya fi aminci. A kuma gwada salon haruffan kafin a kai wa maɗaba'a, don ba kowanne ke da ɓ, ɗ, ƙ ba.

Taswirar da ba ta ɗauke da shekara ba a iya dogara da ita. Katsina ta fita daga Kaduna a 1987, Jigawa daga Kano a 1991, Zamfara daga Sakkwato a 1996, kuma a 1991 aka raba Gongola ta zama Adamawa da Taraba. Wanda ya ɗora alƙaluman ƙidayar 1991 a kan iyakokin yau ba tare da ya sake rarraba su ba ya gwama abubuwa biyu da ba sa haɗuwa. Haka yankin Bakassi: kotun duniya ta ba Kamaru a 2002, an kammala miƙawa a 2008, amma tsofaffin fayiloli na ta yawo a intanet da tsohon layi. A rubuta a gefen kowane shafi shekarar iyakokin da inda aka samo su, wato ofishin Babban Safiyo na Tarayya ko Hukumar Kula da Iyakoki ta Ƙasa.

Ana kuma cakuɗa iyakar masarauta ko gundumar hakimi da ta ƙaramar hukuma. A raba su shafi daban, domin dokar jiha na iya sauya masarautu, kamar yadda aka gani a Kano a 2019 da 2024, alhali ƙananan hukumomi 44 ɗin suna nan yadda suke.

Akwai kuskuren awo da ido ba ya kamawa da wuri. Tsofaffin taswirorin safiyo an gina su a kan ma'aunin Minna, wato tsohon tushen awon wurare na Najeriya, na'urar GPS kuwa ma'aunin duniya na WGS 84 take bayarwa. In aka jera su ba a juya ɗaya zuwa ɗaya ba, layi yakan goce da gomman mitoci, abin da ya isa ya tsallakar da rijiya ko makarantar bakin iyaka zuwa maƙwabciyar mazaɓa. Ƙasar kuma ta ratsa shiyyoyi uku na UTM, tsarin awo da ya raba duniya shiyya-shiyya: Sakkwato a 31, Kano a 32, Maiduguri a 33. Kada a auna faɗin ƙasa duka da shiyya ɗaya. A yi amfani da tsarin zane mai kiyaye faɗi. Iyakar da maƙwabta biyu suka haɗa kuma sau ɗaya ake zana ta, in aka zana sau biyu sai siraran giɓi su bayyana a tsakani. Inda ake taƙaddama a kan iyaka, a ja layi mai ɗigo-ɗigo, a bayyana hakan a mabuɗin taswirar.