Yadda Ake Tsara Kiɗan Okestira na Fim ɗin Takobi da Fashin Teku

Finafinan jarumtar da, waɗanda ake zare takobi a kan matakalar fada ko a lilo da igiya daga wannan jirgin ruwa zuwa wancan, suna da salon kiɗan da aka san su da shi. Erich Wolfgang Korngold, wanda ya zo Hollywood daga Biyana, shi ya kafa wannan salo a finafinan Errol Flynn na kamfanin Warner Bros tsakanin 1935 da 1940, har ya ci Oscar da kiɗan fim ɗin Robin Hood na 1938. Abin lura shi ne labaran sukan faru a ƙarni na 12 ko na 16 ko na 17, amma kiɗan irin na babbar okestira, wato ƙungiyar makaɗa, ta ƙarshen ƙarni na 19 ne, kuma mai kallo bai taɓa jin abin ya yi masa banbaraƙwai ba. Kada mai tsara kiɗa ya ɓata lokacinsa wajen neman sautin zamanin labarin sak. Aikin da ke gabansa shi ne lissafi: na firam (hotunan da ke wucewa ɗaya bayan ɗaya a fim), na numfashin masu busa, da na gurbin da ƙarar takobi za ta ci.

Zaman farko da darakta

Kafin a rubuta ko nota ɗaya, mai tsara kiɗa da darakta da editan kiɗa suna zama su kalli fim ɗin daga farko zuwa ƙarshe, ana tsayarwa ana yanke shawara: a nan kiɗa zai shiga, a nan zai fita. Kowane yanki a ba shi lamba irin 1M1 ko 3M4, lambar farko ta kashin fim, ta ƙarshe ta jerin yankin, a rubuta lokacin shigarsa da na fitarsa har zuwa firam. A nemi fim ɗin da aka gama tacewa. Idan edita ya cire daƙiƙa biyu daga tsakiyar faɗa bayan an rubuta kiɗa, duk bugun da ke bayan wurin ya goce.

A wannan zama ne kuma ake tambayar gudun hoton. Firam 24 a daƙiƙa da 23.976 kamar abu ɗaya ne a ido, amma bambancinsu yana kai daƙiƙa 3.6 a awa guda, wato kusan firam huɗu a yanki mai minti uku. Firam huɗu sun isa su sa saran takobi ya riga bugun ganga.

Take

Jarumi yana da takensa, bos yana da nasa, soyayya tana da nata, wani lokaci har teku ko jirgin kansa. Uku zuwa biyar sun wadatar. Idan suka wuce haka mai kallo ba ya riƙe ko ɗaya.

Taken jarumi shi ne jarin fim ɗin, don haka a ɓata masa lokaci. Tsawonsa gaɓa takwas (gaɓa ita ce rukunin bugu da ake ƙirga kiɗa da shi), amma a gina shi yadda notoci huɗu ko biyar na farko za su iya tsayawa su kaɗai, domin a tsakiyar faɗa daƙiƙa biyu kawai za a samu a jefa shi. A fara da tsalle sama, daga do zuwa so ko daga so zuwa do, a sa masa kari mai ɗingishi, doguwa sannan gajeruwa. Dalilin yawan do, mi, so a irin waɗannan take yana da tarihi: kafin a ƙera bawul na kayan busa na tagulla wajen 1815, ƙaho da tirampet ba sa iya fitar da duk notoci, sai waɗanda bututun ke bayarwa da kansa. Kunne ya saba haɗa wannan amo da farauta da fada da fagen fama, shi ya sa take da aka gina a kansu yake kai mai sauraro zamanin da ko da okestirar ta zamani ce.

Sai a gwada shi ta hanyoyi huɗu a kan fiyano kafin a amince da shi: da ƙarfi a bakin ƙaho, a hankali a bakin obo lokacin da jarumi ke kurkuku, a juye shi zuwa amon baƙin ciki, a kuma guntule shi ya zama abin da masu goge za su yi ta maimaitawa a ƙarƙashin gudu. Take da ya yi daɗi a hanya ɗaya kaɗai zai ƙare a farkon fim da ƙarshensa, a rasa abin cika tsakiya.

Na bos bai cika buƙatar waƙa ba. Notoci uku masu gangarowa a hankali a bakin tirambon da aka toshe, ko basun da kilarinet mai zurfi, sun isa. Wani kuskure da ake yawan yi shi ne a ba shi kiɗan dodo. Bos na irin wannan fim gwamna ne ko ɗan sarauta mai ado da iya magana, kiɗansa ya zama mai ladabi da sanyi, guba a ƙasa.

Lissafin faɗa

Nan ne aikin yake. A kalli faɗan ba sauti, a rubuta wuraren da labari ya juya: an zare takobi, an ƙwace takobin jarumi, ya kama igiya, ya dira, bos ya faɗi. Waɗannan ne kiɗa zai kama. A faɗa mai minti biyu, wurare biyar zuwa bakwai sun yi. Wanda ya bi kowane sara da bugun ganga ya mayar da fim ɗinsa katun, kuma ya toshe gurbin masu haɗa ƙarar ƙarfe.

Daga nan sai a nemo gudun da zai sa waɗannan wurare su faɗo a kan bugu. A firam 24, minti ɗaya yana da firam 1440. Raba 1440 da adadin bugu a minti, ka sami firam nawa ke cikin bugu ɗaya: gudun 120 firam 12 ne, gudun 144 firam 10, gudun 160 firam 9. A ce an zaɓi 144, kuma jarumi yana dira a daƙiƙa 41 da firam 6 daga farkon yankin. Jimillar firam 990 ke nan, wato bugu 99. Gaɓa 24 masu bugu huɗu-huɗu sun ba da 96, saura uku. Sai a saka gaɓa ɗaya mai bugu uku a wani wuri kafin nan, dirar ta faɗo daidai kan bugun farko na sabuwar gaɓa. Gutsure gaɓa ya fi jan gudu gaba da baya, domin makaɗa tamanin suna bin canjin ƙirga cikin sauƙi, amma gudu mai rawa yana wargaza su. Gajeruwar gaɓar ma tana da riba: tana sa mai sauraro ya ji kamar an yi tuntuɓe, abin da faɗa ke so ke nan.

Idan ba a samu daidai ba, kuskuren firam ɗaya ko biyu ba ya fitowa. A bar bugun ya makara kaɗan, kada ya riga hoton, don ido ya saba ganin abu kafin kunne ya ji shi.

Ƙirgar 6/8 da 12/8 sun dace da sukuwar doki da tangaɗin jirgi, 4/4 mai sauri ta dace da faɗan mutum biyu. Kada faɗa ya tsaya a maɓalli ɗaya, wato jerin notocin da aka gina kiɗan a kansa: duk lokacin da rinjaye ya koma hannun wani, a ɗaga ko a sauya maɓallin. A kuma ajiye cikakken taken jarumi har sai ya samu galaba. Idan an busa shi tun zare takobi, an riga an faɗa wa mai kallo wanda zai ci.

Rabon kayan kiɗa

Cikakkiyar okestira ta irin wannan aiki tana kai mutum 80 zuwa 90: bayolin na ɗaya 16, na biyu 14, biyola 12, celo 10, dabul-bas 8, kayan busa na itace uku-uku, ƙaho huɗu zuwa shida, tirampet uku, tirambon uku, tuba, tamburan timfani, masu kaɗa ganga biyu ko uku, da haf. Idan kuɗi bai kai ba, a rage masu tagulla tare da masu goge. Ƙaho shida a kan bayolin takwas kamar ɗora buhu ne a kan ɗan akuya. Da masu goge 30, ƙaho huɗu da tirampet biyu sun ishe ka.

Masu goge su ne injin gudu. Maɓallan D da G da A sun fi musu daɗi saboda buɗaɗɗun tsirkiyoyinsu, masu tagulla kuwa sun fi sakewa a B-filat da E-filat da F. A zaɓi maɓalli bisa wanda ke ɗauke da nauyin yankin. A gudun 150, notoci huɗu a kowane bugu na nufin goma a daƙiƙa. Ƙwararru suna yin haka idan notocin na hawa da sauka a jere, amma idan akwai tsalle-tsalle sai ya zama hayaniya. Kwamfuta tana kaɗa komai ba ta gajiya, shi ya sa samfurin da aka yi wa darakta a kanta yake yaudarar sababbin masu tsarawa.

Masu busa mutane ne masu leɓe da huhu. Tirampet da aka riƙe a sama gaɓa 30 ba hutu zai fara fashewa a ɗauka ta uku. A raba jimla tsakanin na ɗaya da na biyu, a bar musu gaɓoɓin hutu. Haf tana da tsirkiya 47 da feda bakwai, kowane sauyin maɓalli yana buƙatar ƙafa ta motsa, don haka a ba ta gaɓa ɗaya ko biyu kafin sabon maɓalli. Haka mai timfani idan zai sake ɗaurin tamburansa huɗu. Ƙaho mai F yana fitar da amo mataki uku da rabi ƙasa da abin da aka rubuta masa, tirampet mai B-filat mataki ɗaya ƙasa. Takardar madugu, wato jagoran makaɗa, a kan rubuta ta da ainihin amon da za a ji, amma takardun 'yan wasa dole a juya su. A duba wannan sau biyu, don kuskurensa yana cinye minti goma na ɗakin ɗauka.

Sai batun gurbi. Ƙarar takobi tana zaune a sama, daga wajen kilohaz 2 zuwa abin da ya fi, inda fikolo da faifan tagulla da tirampet mai tsini suke. Igwa tana ƙasa tare da timfani da babbar ganga. Maganar 'yan wasa tana tsakiya. A lokacin sara, a sauko da kiɗan zuwa ƙaho da biyola da celo. A lokacin harbin igwa, a janye ganguna a bar masu goge na sama. Jarumin irin wannan fim yana zolayar abokin gaba a tsakiyar faɗa, kuma wannan zolayar ce rabin daɗin fim ɗin: a ƙarƙashinta a riƙe nota ɗaya doguwa ko a yi shiru bugu biyu. Idan mai tsarawa bai bar gurbin ba, mai haɗa sauti zai danne kiɗan gaba ɗaya.

Kiɗan da 'yan fim ɗin kansu ke ji, na rawar fada ko na mashaya a bakin tasha, shi kaɗai ne ake kula da zamaninsa. Fiyano ya fito wajen 1700 a hannun Cristofori a Italiya, kilarinet ma a wajen lokacin, tuba sai 1835. A labarin ƙarni na 16 ko na 17 a nemi hafsikod, lut, sarewar katako da ƙananan goge. A kan ɗauke shi kafin a ɗauki hoton, don masu rawa su bi shi.

Ranar ɗauka

Zama ɗaya awa uku ne da hutu a ciki. A yi shiri a kan minti 10 zuwa 15 na gamammen kiɗa a kowane zama, ƙasa da haka idan faɗa ne zalla. A fara da yanki matsakaici don a daidaita makirfo makaɗa su ɗumama, a sa manyan yankunan tagulla a awa ta farko da ta biyu, a bar na soyayya zuwa ƙarshe lokacin da leɓɓa suka gaji.

Yankunan faɗa a kan ɗauke su da ƙyas-ƙyas na ƙirga a kunnen kowa, dabarar da Max Steiner ya yaɗa a shekarun 1930. Na soyayya kuwa ƙirga tana sandarar da su. A nan ake amfani da tsarin da ake jingina wa Alfred Newman: layi yana ratsa allon hoto na kusan daƙiƙa biyu ya ƙare da walƙiya a daidai wurin da ake son kamawa, madugu ya ja kiɗan yadda ya so ya iso a kan lokaci. A rage ƙarar ƙirgar a yankuna masu sanyi, in ba haka ba tana yoyo daga hedifon ta shiga makirfon bayolin, kuma fitar da ita daga baya wahala ce.

Babban sautin yana fitowa daga makirfo uku da ake ratayewa saman kan madugu, tsarin da kamfanin Decca ya ɓullo da shi a shekarun 1950: biyu a gefe da tazarar kusan mita biyu, ɗaya a gaba, tsayinsu wajen mita uku. Makirfon kusa da kowane sashe ƙari ne kawai. A ɗauka a kilohaz 48, bit 24. Idan za a haɗa da sautin kwamfuta, a tabbatar an ɗaure kaya a amo ɗaya, don wasu okestirori suna ɗaure A a 440, wasu a 442.

Wasu suna ɗaukar masu goge daban, masu tagulla daban, don a samu damar ɗaga wannan a sauke wancan. A wannan salo gara a ɗauki kowa tare, saboda ƙaho da ke jin bayolin a gefensa yana busa da wani irin kuzari da ba a samu idan shi kaɗai ne a ɗaki. Ganguna masu ƙarfi kawai za a ware. Wajen miƙa aiki, a ba mai haɗa sautin ƙarshe kashi-kashi: masu goge, masu busa, ganguna, kayan da ke ɗauke da take, kowanne ya fara daga lambar lokaci ɗaya, da wutsiyar amsa-kuwwar ɗaki ta daƙiƙa uku ko huɗu a ƙarshen kowane yanki ba a datse ta ba.